Ɗakuna Biyu a Filin Baba

Auta tana durƙushe tana goge ƙasan falonta ta ji sallama, kafin ta amsa har an yaye labule. Babban Yaya ne, wanta, tare da wani baƙo mai tabarau da ya rataya tef ɗin awo a wuya.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ina kwana?"

"Tashi ki ba mu wuri," in ji shi, ko gaisuwar bai amsa ba. "Wannan mai ƙiyasi ne, ofishin gado suka turo shi. Zai auna gidan Baba ya faɗi darajarsa."

"To ai gidan Baba yana can gaba, Yaya. Nan sashenmu ne."

"Sashenku? A filin wa?"

Shi kuwa mai ƙiyasi mutum ne mai ladabi, sai da ya cire takalmi ya ba ta haƙuri sannan ya shiga. Ya ja tef daga wannan bango zuwa wancan, ya ƙwanƙwasa filasta da ɗan yatsa, ya ɗaga kai ya dubi silin.

"Kai! Wanda ya yi ginin nan ya san aikinsa. Wa ya gina?"

"Maigidana ne," in ji Auta. "Da hannunsa."

"Akwai takarda?"

"Wace irin takarda?"

"Wadda ta nuna marigayi ya ba ku wurin."

Ta girgiza kai. Mutumin ya gyara tabarau. "To, baiwar Allah, ni abin da na tarar nake rubutawa. Takardar fili guda ɗaya ce, kuma sunan marigayi ne a kanta. Duk abin da ke tsaye cikin katangar nan, a wurina nasa ne." Ya rubuta, ya sa takalminsa, suka fita. Auta ta zauna daɓas a ƙasa da tsumman a hannu, ruwa na ɗiga a kan zaninta ba ta ma sani ba.

Shekara biyar ke nan da aurenta da Magini. A farkon auren suna haya a wani ɗaki da in an yi ruwan sama sai sun jera kwanuka a kan gado. Wata rana Baba ya je gaishe su ya gani. Washegari ya kira surukinsa, ya kai shi bayan gida inda ake jibge tsofaffin tayoyi, ya sa sandarsa ya ja layi a ƙasa daga katanga zuwa katanga. "Daga nan zuwa can na ba ku, kai da ita. Ka gina." Mama tana tsaye a wurin da bokitin wanki a hannu. Murna ta sa Magini ya kwaɓa siminti a ranar, ya zuba siririn dandamali a kan layin don kada ruwa ya share shi. Har yau yana nan, 'yan gida suna ce masa layin Baba.

Shekara uku ya yi yana ginin, bayan ya tashi daga aikin mutane, bulo goma yau, ashirin gobe. Ciki da falo, ɗan kicin, da banɗaki. Auta ba ta manta ba, sau biyu tana ce masa, "Injiniya," (haka take kiransa in tana son tsokanarsa) "ka ce wa Baba ya rubuta mana mana." Shi kuma ya zaro ido. "Haba, Autar Mama! In dubi tsabar idon surukina in ce rubuta mini? Sai ka ce ina zarginsa? Wallahi bakina ba zai iya ba." Baba da kansa yakan ce za su je ofishin filaye a yanka musu nasu, sai wani satin, sai bayan ruwa ya ɗauke. Ana cikin wani satin ya kwanta ciwon kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa. Bai bar wasiyya ba.

Da la'asar Magini ya dawo, ƙura har gashin ido. Ta ba shi labari tana kuka. Ya zauna a bakin ƙofa yana kwance igiyar takalmi.

"Ki daina kuka. Yaya ya san gaskiya, ai Baba ya faɗa masa."

"Ya sani mana! Sanin ne bai dame shi ba!"

Ta fi shi sanin ɗan'uwanta. Babban Yaya dillalin motoci ne, mai babbar murya da abokai rututu, wanda in ya shigo gida wayarsa ba ta barin kunnensa. Tun a makon rasuwa ya samo wani attajiri da ke son ya sayi gidan ya rushe ya yi jerin shaguna, da sharaɗin a ba shi filin gaba ɗaya har bayan gida. Su uku ne 'ya'yan Baba: shi, sai Anti Nas da ke aikin asibiti, sai Auta. Da aka ce magada su zaɓi wanda zai kula da gado, ba wanda ya yi musu, shi ne babba, kowa ya sa hannu.

Ranar Asabar ya tara su a falon Baba. Mama tana kishingiɗe a doguwar kujera, ƙafafunta a kumbure, don ciwon ƙoda ya daɗe yana cinta. Magini ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa kamar yadda ya saba.

"In takarda ta fito za a sayar," in ji Babban Yaya. "Kowa ya karɓi rabonsa. Mama ta koma wurina."

"Yaya, ɗakunanmu fa?" Auta ta tambaya.

"Ɗakunan Baba dai."

Magini ya gyara zama. "Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, ina ganin—"

"Kai kuma a su wa? Taron magada ake yi! Shekara biyu kana zaune a gidan surukai ba haya ba komai, bai ishe ka ba, yanzu gado kake so ka ci? Dama abin da ya kawo ka ke nan, ɗan cin arziki!"

"Yaya!" in ji Anti Nas. "Haba, Yaya!"

"Ke rufe min baki! Ke kuma Auta, in kina da hankali ki buɗe idonki. Mutumin da ya kasa yi miki gida sai a bayan gidan ubanki, shi ne miji?"

Magini ya miƙe a hankali. Ya durƙusa ya yi wa Mama sallama, ya fita. Auta ta dubi Mama tana jiran ta ce wani abu, ko kalma ɗaya. Mama ta juyar da fuska wajen bango.

A makon ya kama ɗaki ɗaya kusa da inda yake buga bulo. Ya kwashe kayan sawarsa da akwatin kayan aiki, sauran ya bari.

"Zan bi ka," in ji Auta, ta riƙe hannun jakar.

"Ki bi ni, wa zai ɗaga Mama? Wa zai ba ta magani? Anti tana aiki, matar Yaya kuwa kin sani."

"To kai ka zauna mana! Gidanka ne, guminka ne!"

"An kira ni ɗan cin arziki a gaban Mama. Ba zan iya kwana a nan ba, Auta. Ba fushi nake da ke ba."

"To ni ya kake so in yi? Ka ce min ya zan yi!"

Ya saki jakar ya share mata hawaye da bayan hannu, don tafin hannunsa siminti ya sa ya yi kaushi kamar sandfefa, sannan ya ɗauka ya tafi. Ta tsaya a kan layin Baba tana kallonsa har ya sha kwana.

Ranar Litinin ta shirya ta tafi ofishin gado da kanta, ba ta gaya wa kowa ba. Wani dogon ɗaki ne a bayan kotu, fanka ɗaya ke aiki, fayil-fayil a ɗaure da igiya har saman kabad. A kan benci mutane ne jere, yawanci mata, kowa rungume da ambulan, kowa da fuskar wanda ya saba zuwa. Sai bayan azahar layi ya zo kanta. Akawun wata dattijuwa ce mai furfura a gaban goshi, ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"'Yata, bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Ranar da mutum ya rasu, dukiyarsa tana tsayawa cak. Banki ya rufe asusu, gida ba ya sayuwa, ba mai taɓa komai sai mun ba da takardar izini. Da ya bar wasiyya, da ita za mu tantance mu bi. Tunda bai bari ba, kun kawo shaidar mutuwa, kun zaɓi wanku, ya cike fom, ya kawo jerin abin da marigayi ya bari. Mai ƙiyasi ya je ya gani. Yanzu mun buga sanarwa a jarida, za a jira kwana ashirin da ɗaya ko akwai mai ja. In babu, ya kawo mutum biyu su tsaya masa, ya yi rantsuwa, mu ba shi takarda. Da ita zai buɗe asusu, ya sallami duk mai bin marigayi, sannan a yi rabo."

"To ni ina da ja, Anti. Ɗakunan nan ba na Baba ba ne, ya ba mu tun yana da rai."

"Kyautar da aka yi da rai ba ta shiga gado, wannan gaskiya ne. Amma sai an tabbatar. Takarda ko shaidu. Kina da su?"

"Mahaifiyata tana wurin."

"To ga fom ɗin ƙorafi. Kwana goma sha ɗaya suka rage miki." Ta tura mata takardar, amma ba ta ɗauke yatsunta daga kai ba. "Sai dai ki sani, kina shigar da shi komai zai tsaya. Fayil ya bar teburina ya koma gaban alƙali. Na ga wanda ya yi shekara, na ga wanda ya yi uku."

"Har da asusun banki?"

"Har da shi, 'yata. Gado ɗaya ne."

Auta ta dubi fom ɗin. A asusun nan kuɗin sallamar Baba suke, kuma da su ake wa Mama wankin ƙoda sau biyu a mako. Tun da banki ya rufe, Anti Nas ke ta faɗi-tashi, an koma sau ɗaya, wani makon ma ba a yi. Ta ninke fom ɗin ta sa a jaka, ta yi godiya, ta fito. A bakin titi ta tsaya motoci suna ta wucewa, ta manta wacce za ta hau.

Da ta isa gida ta tarar da Mama zaune a bakin gado tana haki. Ta haɗa mata ruwan ɗumi, ta durƙusa tana matsa mata ƙafa.

"Mama, kina wurin ranar da Baba ya ja layin nan."

Mama ta kawar da kai.

"Mama, ke kaɗai kika rage. In kika faɗa, Yaya zai ji."

"Auta, kada ki sa ni a tsakaninku." Hawaye ya gangaro mata. "Ke 'yata ce, shi ɗana ne. Gobe a gidansa zan zauna, a hannun matarsa zan ci. In na tsaya gaban hukuma na ƙaryata shi, da wane ido zan dube shi? Ni na kusa tafiya, ki bar ni in tafi lafiya."

Auta ta ci gaba da matsa mata ƙafa. Ta ji haushin Mama, ta kuma ji tausayinta, ta rasa wanne ya fi yawa. Kwana goma sha ɗaya fom ɗin ya yi a ƙarƙashin matashinta. Ta cike sunanta, ta cike adireshi, wurin sa hannu ne kullum in ta kai biro sai ta jiyo tarin Mama daga cikin gida. Ranar ƙarshe ta ɗauke shi ta kai wa Magini wurin aiki. Ta same shi tsakiyar rana yana jera ɗanyen bulo, injin na ta ruri. Ya kashe, ya karanta, ya dube ta.

"Yau ne ƙarshe," ta ce. "In na sa hannu, Mama ta rasa magani. In ban sa ba, mun rasa gida. Ka zaɓar mana, ni na kasa."

Ya ninke takardar ya mayar mata a tafin hannu. "Bulo ne, Auta. Ni nake buga shi. Mama fa, wa zai buga mana wata?"

Ta fashe da kuka a nan gaban ma'aikatansa, ba ta damu da wanda ke kallo ba. Ƙarfe huɗu ta yi, aka rufe ofis, ita tana zaune a kan bulo.

To, a nan ne kowa ya zaci magana ta ƙare, Babban Yaya har ya fara zagayawa da attajirinsa suna nuna inda shaguna za su tsaya. Ashe da sauran aiki. Ofis suka ce ya kawo masu tsaya masa mutum biyu, ba daga cikin magada ba, kowanne da sana'a tsayayya da kadara mai takarda. In mai kula da gado ya ci amana ko ya yi ɓarna, a jikinsu za a fanshe.

"Mutum biyu kawai?" in ji Babban Yaya yana dariya. "Ni da nake da mutane ɗari!"

Wani tsohon abokin aikin Baba ya tsaya, don albarkacin marigayi. Saura ɗaya. Sai ga abokan nan rututu sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce takardun gidansa suna banki, wancan ya ce matarsa ta hana, wani ya ce yana hanya ya kashe waya. Mutanen da suka san shi a harkar mota su suka fi kowa gudu, kuma ba wanda ya tambaye su dalili. Wata ɗaya ya wuce, biyu, uku. Fayil na kwance a kabad. Mama ta daina iya zuwa banɗaki da ƙafarta. Auta ta rame, kullum tana tsakanin gadon Mama da ɗakin hayar mijinta, ta kai masa abinci ta zauna minti goma ta taso. Ɗakunanta biyu kuwa ko shara ta daina yi musu, don in ta shiga sai ta ga kamar ta shiga gidan mutane.

Wata Juma'a da rana Anti Nas ta fito daga ɗakin Mama ta jingina da bango. "Likita ya ce in ba a koma sau biyu a mako ba, kada mu sa rai ta kai ƙarshen wata mai zuwa. Ni kuma wallahi na ƙure, Auta. Ba inda ban taɓa ba."

Auta ta kai wa Magini maganar, ba don tana tsammanin wani abu ba, sai don ba ta da wanda za ta faɗa wa. Ya saurara, ya tashi ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya fito da wata leda. Takardun injin bulo ne, da na tsohuwar motar da yake kai kaya, da rajistar sana'arsa.

"Kin ga abin da nake da takardarsa a duniya," ya ce yana murmushin da bai kai ciki ba. "Ki ce wa Yaya ya samu na biyu."

Auta ta miƙe tsaye. "Ban gane ba. Kai za ka tsaya masa?"

"Ni ba magaji ba ne, ai shi ya faɗa. Doka ta yarda."

"Ka haukace ne? Mutumin da ya zage ka! Takardar nan fa da ita zai sayar da gidanmu! Kai za ka miƙa masa gatarin da hannunka? In kuma ya yi ɓarna su ƙwace injin, mu ci me? Wallahi ban yarda ba! Ban yarda ba!"

"Auta—"

"Kullum kai ne mai haƙuri, kullum kai ne mai kunya! Kunyar nan taka ce ta kai mu nan!"

Maganar ta doke shi, ta gani a fuskarsa. Ya sunkuyar da kai. "Gaskiya kika faɗa. Da na buɗe baki na roƙi Baba layi biyu a takarda, da duk ba a yi haka ba. Laifina ne, kuma ba zan iya gyara shi ba. Amma wannan zan iya. Mama shekara biyar tana ajiye min abinci in na yi dare a aiki, ba ta taɓa ce min surukinta ba, sai ɗana. Ba Yaya zan tsaya wa ba."

Ta koma ta zauna, ta kifa kai a kafaɗarsa. "Sori, Injiniya. Bakina ne."

"Na sani. Ai da bakin na aure ki."

Ranar rantsuwa aka kira duk magada ofishin gado. An turo Mama a keken marasa lafiya, Anti Nas na riƙe da jakar magani. Babban Yaya ya sha manyan kaya, amma wayarsa tana aljihu, kuma tun da Magini ya shigo bai yarda sun haɗa ido ba. Rajistaran ofishin mutum ne mai sanyin magana, ya buɗe fayil ya duba takardun masu tsayawa ɗaya bayan ɗaya.

"Kai ne mai injin bulo? Ka san abin da kake shirin sa wa hannu? In wannan bawan Allah ya karkatar da ko kwabo, injinka da motarka za mu kama."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Mene ne tsakaninku?"

"Wan matata ne."

"Adireshinka?"

Magini ya faɗi lambar ɗakin haya, bayan garejin masu walda. Rajistara ya rubuta, ya miƙa masa biro. Ya sa hannu a wuri uku, da irin rubutun mutumin da ya fi sabawa da cebur. Auta ta runtse ido don kada ta gani.

Rajistara ya ce, "Saura mai kula da gado. Tashi tsaye. Zan karanta jerin abin da ka ce marigayi ya bari, ka rantse da Allah cewa gaskiya ne, ba ragi ba ƙari." Ya fara. Asusun banki guda ɗaya. Tsohon babur. "Gida ɗaya, tare da dukkan ginin da ke cikin filin, har da ciki da falo da ke baya—"

"Ranka ya daɗe."

Muryar ta yi ƙasa sosai har sai da Rajistara ya waiga yana neman mai ita. Mama ce. 

"Yaron nan da ya sa hannu yanzu, ba a bayan gareji gidansa yake ba. Gidansa shi ne wanda ka karanta. Ina tsaye mahaifinsu ya ja layi da sanda ya ce na ba ku. Bokiti ne a hannuna." Ta juya ta dubi ɗanta, hawaye na zuba. "Na yi shiru wata biyar don ina tsoron ɓacin ranka. Amma ba zan zauna ina kallo ka rantse a kan wannan ba. Ni na haife ka. Gara ka yi fushi da ni."

Rajistara ya ajiye biro ya dubi Babban Yaya. "Malam, kai nake jira. Lokacin ƙorafi ya wuce, jerinka ne a gabana. In ka rantse, na sa hannu."

Babban Yaya ya dubi takardar. Sa hannun Magini na nan a ƙasa, tawadar ko bushewa ba ta yi ba, a layin da ya yi wata uku yana yawo da shi gari ya ƙi taɓawa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ba zan iya ba," ya ce. "Baba ya faɗa min. A mota ya faɗa min, muna dawowa daga asibiti. Ya ce in kai su ofishin filaye a yanka musu." Ya dubi Rajistara. "A cire, ranka ya daɗe. Ba na gado ba ne."

Ya juyo wajen Magini, ƙaton mutum kamar wannan, ya rasa inda zai sa hannuwansa. "Na zage ka a gaban uwata, kai kuma ka... Ka yafe min."

"Ya wuce, Yaya. Wallahi ya wuce."

Auta kuwa kuka take yi riƙe da keken Mama, Anti Nas na bubbuga mata baya ita ma tana share ido. Akawun nan mai furfura ta leƙo daga teburinta ta ce, "To, kukan ya isa haka, akwai sabon fom da za a cike."

Ba a ranar aka gama ba, ofishin gado ba ya sauri don wani ya yi kuka. Sai da aka gyara jerin, duk magada suka sa hannu sun amince, mai ƙiyasi ya dawo ya sake awo. Mako uku aka ƙara. A cikinsu Babban Yaya ya sayar da motar hawansa aka ci gaba da wankin ƙodar Mama, ba wanda ya roƙe shi. Attajirin da ya ji ba za a ba shi bayan gida ba ya janye, gidan bai sayu ba, Mama ta ci gaba da zama a ɗakinta. Da takardar izini ta fito banki ya buɗe asusu, aka sallami masu haƙƙi, aka raba saura yadda ya kamata.

Ranar da ma'aikacin filaye ya zo yanka musu nasu, ya tambaya daga ina zai fara. Babban Yaya da kansa ya sa ƙafa ya share ƙasar da ta rufe siririn dandamalin nan, ya ce, "Daga nan. Mai wurin ya riga ya auna." A kan layin Baba aka kafa turakun.

Da yamma Magini ya dawo da jakarsa da akwatin kayan aiki. Auta ta share ɗakunan tas, ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya da hannu.

"Malam, akwai takarda?"

Ya ciro ta daga aljihun gaba, a cikin leda biyu, ya miƙa mata da hannu bibbiyu. Ta karanta sunansa da nata a jere, ta sake karantawa, sannan ta matsa ta ba shi hanya.

Haƙurin da suka yi bai tafi a banza ba, kuma alherin da Magini ya yi wa wanda ya ci mutuncinsa shi ya dawo masa da gidansa, ba ƙara ba, ba lauya ba. Amma wata biyar na kuka da ciwon Mama duk da an kauce musu da layi biyu a takarda. Wanda zai yi kyauta ya rubuta tun yana da rai, wanda aka ba kuma kada kunya ta hana shi cewa a rubuta, don ranar da mai kyautar ya tafi, ofis ba zai tambayi abin da ya faɗa ba, sai abin da ya sa wa hannu.